Likita Ya Kwanta Ciwo, Manhajarka Ta Ƙirga Mutum Biyu: Yadda Za Ka Gano Kuskuren Rarrabewa a Taswirar Ontoloji

Ga alamar da aka fi cin karo da ita. Ka gina wa asibiti manhajar ajiye bayanai, aiki yana tafiya lafiya lau, sai ran nan ɗaya daga cikin likitocin ya kamu da zazzaɓi aka ba shi gado. Ma'aikaciyar sashen kati ta duba sunansa cikin majiyyata, babu. Ta buɗe masa sabon kati. Daga wannan rana mutum ɗaya ya zama biyu a rumbun bayanai, da ranar haihuwa biyu da lambar waya biyu, wataƙila ma ɗaya da kuskure a ciki.

Ma'aikaciyar ba ta yi laifi ba. Wanda ya rubuta manhajar ma abin da aka zana masa ya bi. Tun a taswira aka yi ɓarnar, ranar da wani ya zana akwatin "Likita" da akwatin "Majiyyaci" ya ɗauke su halittu biyu daban.

Taswirar da nake nufi ita ce zanen nan na akwatuna da kibiyoyi da ake yi kafin a fara gini, wanda ke faɗin abubuwan da ke cikin harkar da yadda suke da alaƙa. Idan aka ce an gina ta bisa ontoloji, ana nufin kowane akwati sai ya amsa tambayar "kai wane irin abu ne?" bisa ƙa'idoji tsayayyu. Harshen zanen da ya fi shahara a wannan fanni shi ne OntoUML, wanda Giancarlo Guizzardi ɗan Brazil ya shimfiɗa a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Twente ta ƙasar Holan a 2005, bisa ontolojin da ake kira UFO. Kafin shi, Nicola Guarino da Christopher Welty sun fito da hanyar tantancewa mai suna OntoClean, suka bayyana ta a mujallar Communications of the ACM a 2002. Mafi yawan abin da zan ba ka daga waɗannan biyu ya fito.

Gobe da safe ka tanadi abu huɗu: taswirar a buge a takarda, fensir, misalai goma na gaske daga wurin aikin waɗanda aka goge sunayen masu su, da mutum ɗaya da ya daɗe a wurin, kamar babbar nas ko shugaban sashen kati. Kada ka buɗe kwamfuta tukuna.

1. Yi wa kowane akwati tambaya ɗaya

Ɗauki fensir ka bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya. Tambayar ita ce: abin da ke cikin akwatin nan zai iya fita daga cikinsa, kuma ya ci gaba da zama shi ɗin ne?

Mutum ba zai daina zama mutum ya ci gaba da wanzuwa ba. Rubuta D a kan akwatin, wato na dindindin. Majiyyaci kuwa za a sallame shi ya koma gida, shi ɗin dai ne. Rubuta W, na wucin gadi. Likita zai iya ajiye aiki ko a karɓe lasisinsa: W. Ɗalibin jinya: W. Gado: D. Gadon da ba kowa a kai: W.

Hanya mafi sauƙi ta riƙe wannan: akwatin W riga ce, ana sawa ana tuɓewa, akwatin D kuma shi ne jikin da ke sa ta.

Ka kula da wata dabara a cikin tambayar. Ba cewa aka yi "ya taɓa fita?" ba, cewa aka yi "zai iya fita?" Akwai wanda zai yi likitanci tun daga kammala karatu har ya koma ga Allah. Wannan bai mayar da likitanci na dindindin ba, tunda da ya so da ya bari.

Idan ka taɓa zama gaban malami ka karanta manɗiƙi, irin littafin Sullam na Abdurrahman al-Akhdari da ake karantarwa a zaurukanmu, ba baƙon abu ba ne a wurinka. Bambancin nan ne na siffar da take zatin abu da siffar da ta bijiro masa. Injiniyoyin manhaja sun zo sun tarar da shi ne.

Duk akwatin da kai da abokin aikinka kuka yi saɓani a kansa, zagaye shi. Sau da yawa a nan kuskuren yake kwance.

2. Karanta kowace kibiya da babbar murya

Kibiyar da ke tashi daga ƙaramin akwati zuwa babba tana cewa: duk abin da ke nan, dole yana can, a kowane hali. Karanta ta haka, da kalmar "dole" a ciki.

Doka ta farko, wadda OntoClean da OntoUML suka haɗu a kanta: akwatin D ba ya zama ƙarƙashin akwatin W. Idan ka ga "Mutum" ƙarƙashin "Majiyyaci", ko "Kamfani" ƙarƙashin "Mai Kawo Kaya", taswirar tana cewa ba mutum sai marar lafiya, ba kamfani sai ɗan kwangila. Juya kibiyar. W ne ke zama ƙarƙashin D.

Za ka ce wa zai yi irin wannan kuskure? Ana yi, domin mai zane yana kallon duniya ta tagar ofishinsa. A idon sashen kati duk wanda ya shigo majiyyaci ne, don haka sai a ɗora Majiyyaci a sama, a rataye Namiji da Mace a ƙasansa.

3. Raba na wucin gadi gida biyu: zango da matsayi

Yanzu koma kan akwatunan W kaɗai. Tambaya ta biyu: me ke sa abu ya shiga ko ya fita? Canji ne a jikinsa, ko alaƙa ce da wani abu na waje?

Idan canjin a jikinsa yake, zango ne. Jariri, yaro, baligi: shekaru ne ke tafiyar da su, ba sai wani ya sa hannu a takarda ba. Mai rai da mamaci ma haka.

Idan sai da wani na waje, matsayi ne. Ba a zama ɗalibi sai da makaranta, ba a zama ma'aikaci sai da wanda ya ɗauka, ba a zama miji sai da mata.

A nan ne taswirar asibiti ta fi yawan zamewa, don haka bari in tsaya. "Mai ciwo" da "majiyyaci" ba abu ɗaya ba ne. Mai ciwo zango ne: mutum yana kwance a ɗakinsa da zazzaɓi, babu asibitin da ya san da shi, amma ciwon na nan. Majiyyaci matsayi ne: mai juna biyu da ta zo awo lafiyarta ƙalau, wanda ya zo gwajin lafiya don neman aiki shi ma haka, amma duk suna da kati, duk asibiti ya karɓe su. Idan ka cusa biyun a akwati ɗaya, ranar da shugaban asibiti ya ce a ba shi adadin marasa lafiyan wata, za ka ba shi har da masu awo. Ba kuma wanda zai gane sai an yi kasafin magani da wannan adadi.

A jerin alamomin OntoUML za ka ga kind, subkind, phase da role. Su ne nake kira tushe, reshe, zango da matsayi. Mutum tushe ne. Namiji da Mace rassansa ne na dindindin. Rubuta wa kowane akwati alamarsa a gefe.

Abu biyu za ka duba a kan zango. Na ɗaya, zango ba ya zuwa shi kaɗai. Idan akwai "Yaro", ina sauran? Dole zangunan su zo a jere, su rufe dukkan rayuwar abin, kuma kada a sami wanda ke cikin biyu lokaci guda. Na biyu, nuna siffar da ke yanke hukunci. Idan ka ce Yaro da Baligi amma babu ranar haihuwa a akwatin Mutum, kuma ba a rubuta shekarar da ake tsallakawa ba, kowane ma'aikaci zai yanke da idonsa.

Idan kuma ka ga akwatin da ka kira zango amma yana rataye da wata yarjejeniya ko rajista, canza masa alama. Matsayi ne.

4. Nemo wa kowane matsayi ƙullinsa

Kowane matsayi yana da abin da ya ƙulla shi. Miji da mata, aure ne. Ma'aikaci da ma'aikata, takardar ɗaukar aiki. Majiyyacin da aka ba gado da asibiti, kwantarwa. Wannan ƙulli abu ne mai zaman kansa: yana da ranar farawa, ranar ƙarewa, da waɗanda ya ɗaure. A OntoUML sunan alamarsa relator, kuma doka ce matsayi ya kasance yana jingine da shi.

Ga yadda za ka gane an manta da shi. Duba cikin akwatin Majiyyaci. Idan ka ga "ranar kwanciya", "lambar gado", "ranar sallama" a can, an zuba kayan ƙulli a aljihun mutum. Ranar da aka sake kwantar da shi karo na biyu, sabon bayani zai hau kan tsohon ya share shi, ko kuma a buɗe masa kati na biyu don gudun haka.

Gyaran ba wuya. Zana sabon akwati, "Kwantarwa". Kwashe waɗannan siffofi ka kai can. Haɗa shi da Majiyyaci, da Asibiti, da Gado. Mutum ɗaya, kwantarwa ko sau nawa.

Wannan gyara shi ya fi kowanne biyan wahalarsa. Idan lokacinka kaɗan ne gobe, yi mataki na ɗaya da wannan.

5. Bi kowane akwati sama har ka isa tushe ɗaya tak

Dokar UFO ce: kowane abu guda yana da tushe ɗaya, ba biyu ba, ba sifiri ba. Tushen ne ke ba da ma'aunin ganewa, wato abin da za ka duba ka ce wannan da wancan abu ɗaya ne ko biyu ne, kuma da shi ake ƙirga.

Sa yatsa a kan kowane reshe, zango ko matsayi, ka bi kibiyoyi sama. Idan ka isa tushe ɗaya, wuce. Idan ba ka isa ko ɗaya ba, akwatin maraya ne, nemo masa tushe. Idan ka isa biyu, akwai kalmar da ke ɗauke da ma'ana biyu.

Kalmar "asibiti" ita ce misali. "An yi wa asibiti fenti" gini ake nufi. "Asibiti ya ɗauki sababbin ma'aikata" hukuma ake nufi. Hukumar za ta iya tashi daga tsohon gini ta koma sabo, ita ɗin ce dai. Ginin kuma zai iya zama makaranta, shi ɗin ne dai. Akwati biyu ke nan, da alaƙa a tsakaninsu.

Guarino da Welty suna da misalin da nake so ƙwarai. Tsawon lokaci, kamar awa guda, daban yake da tsakanin lokaci, kamar ƙarfe 1 zuwa 2 na ranar Talata. Awa guda ta Talata da awa guda ta Laraba tsawonsu ɗaya ne, amma lokuta biyu ne. Wanda ya sa "lokacin ganin likita" ƙarƙashin "tsawon lokaci" ya gauraya ma'auni biyu. Lokacin ganin likita yana da tsawo, ba shi ne tsawon ba.

Gwajin da ba ya ƙarya shi ne ƙirga. Tambayi babbar nas: "Nawa ne?" Idan ta ce "ya danganta da abin da kake nufi", ka kama akwati mai ciki biyu.

6. Mai biyan kuɗi: inda mutum da kamfani suka haɗu

Wa ke biyan kuɗin magani? Wani lokaci majiyyacin, wani lokaci ɗan'uwansa, wani lokaci kamfanin da yake wa aiki ko hukumar inshorar lafiya. Mai zane yakan faɗa ɗaya daga rami biyu. Ko ya sa Mutum da Kamfani ƙarƙashin "Mai Biya", ya karya dokar mataki na biyu. Ko ya sa "Mai Biya" ƙarƙashin Mutum da Kamfani duka, ya samar da halittar da take mutum kuma kamfani.

Mafitar da Guizzardi ya bayar ta zama abin koyi a fannin. Zana matsayi biyu: "Mutum Mai Biya" ƙarƙashin Mutum, "Hukuma Mai Biya" ƙarƙashin Hukuma. Sannan ka zana laima a kansu, "Mai Biya", wadda ke tattara su ba tare da ta ba su ma'aunin ganewa ba. Rasit da lissafi su rataya a jikin laimar.

Dokokin laima biyu ne. Ba a shiga cikinta kai tsaye, sai ta ɗaya daga cikin akwatunan da ke ƙasanta. Kuma laima ba ta zama ƙarƙashin tushe. Idan ka duba ka ga duk abin da ke ƙarƙashin wata laima daga tushe ɗaya ya fito, ba laima ba ce, reshe ne ko matsayi da aka ba alamar da ba tasa ba.

7. Rarrabe iri da ɗaiɗaiku

Shiga ɗakin magani ka tambayi mai ba da magani: "Farasitamol nawa kuke da shi?" Zai iya cewa iri uku, na ƙwaya da na ruwa da na allura. Zai iya cewa zubi biyu, kowanne da lambarsa da ranar ƙarewar wa'adinsa. Zai iya cewa kwali ɗari. Duk gaskiya ya faɗa, amma hawa uku ne daban.

Akwati ɗaya mai suna "Magani" ba zai ɗauki ukun ba. Adadin da ake sha siffar iri ce. Ranar ƙarewar wa'adi siffar zubi ce. Wurin da aka ajiye siffar kwali ce. Idan ka ga ukun a akwati ɗaya, fasa shi uku. Ranar da kamfani ya ce a janye wani zubi daga kasuwa, za ka gode wa kanka, domin za ka iya cewa ga kwalayen da abin ya shafa, ga waɗanda aka ba.

Tushen rikicin shi ne jimlar "wane abu kaza ne" tana da fuska biyu. "Wannan likita mutum ne" tana sa ɗaiɗaiku cikin akwati. "Likitan ido likita ne" tana sa akwati ƙarƙashin akwati. Rumbun bayanai na Wikidata ya ware musu lambobi daban, P31 ga ta farko, P279 ga ta biyu, amma duk da haka masu shigar da bayanai suna gauraya su. A 2016 Freddy Brasileiro da João Paulo Almeida da Victorio Carvalho da Guizzardi sun binciki jerin rukunan Wikidata, suka nuna yadda abu ɗaya ke zama ɗan cikin wani akwati kuma reshensa a lokaci guda.

Ga yadda yake ɓata lissafi. "Likita" ɗaya ne daga cikin sana'o'i, wannan daidai ne. Amma idan ka ja kibiyar reshe daga Likita zuwa Sana'a, duk wanda ke cikin akwatin Likita ya gaji zama sana'a. Likitan da ke duba ka ya zama sana'a ke nan, ba mai sana'a ba. Gwajin: ɗauki mutum ɗaya na gaske daga ƙasan jerin, ka hau da shi har sama, kana faɗin jimlar a kowane hawa. Inda jimlar ta zama shirme, a nan kibiyar ta karkace.

8. Kibiyar da ta saci aikin wata

Wannan gajere ne. Ɗakin haihuwa ba irin asibiti ba ne, sashensa ne. Ledar jini ba irin jini ba ce, jini ne a cikinta. Kati ba irin majiyyaci ba ne, bayani ne a kansa. Duk inda "sashen", "an yi shi da", "yana ɗauke da" ko "yana magana a kan" ta fi dacewa da "irin", goge kibiyar ka sa alaƙar da ta dace.

9. Duba 'yan'uwan da ke ƙarƙashin uwa ɗaya

Idan akwati yana da 'ya'ya da yawa, tambayi abu uku. Da ma'auni ɗaya aka raba su? Za a iya zama cikin biyu lokaci guda? Akwai wanda ba ya cikin ko ɗaya?

Jeri kamar "Namiji, Mace, Yaro, Ma'aikaci" ƙarƙashin Mutum ma'auni uku ne aka zuba a kwano ɗaya: jinsi, shekaru, aiki. Raba su jeri uku. Alamar da za ta nuna maka tun daga nesa ita ce ganin D da W a jeri guda.

Sannan rubuta amsar sauran tambayoyin biyu a kan takardar, baƙi da fari. Abin da ba ka rubuta ba, kowane mai gini zai cike shi da zatonsa.

10. Yanzu buɗe kwamfuta

Idan da Visual Paradigm kake zane, akwai ƙarin manhaja ta OntoUML da ake ɗora masa kyauta. Tana duba taswira ta nuna inda aka karya dokoki irin na mataki na biyu da na biyar da na shida. Tana kuma iya fitar da taswirar zuwa gUFO, wato sigar UFO da aka rubuta da harshen OWL.

Idan da Protégé na Jami'ar Stanford kake aiki, kunna injin tantancewa na HermiT. Akwatin da ba zai taɓa iya ɗaukar kowa ba zai fito da ja. Danna alamar tambayar da ke gefensa, zai jero maka jimlolin da suka haɗu suka haifar da rikicin. Fara da jan akwatin da ya fi kusa da sama, domin na ƙasansa galibi gadon ja suka yi.

Amma ka san halin OWL. Abin da ba a faɗa masa ba, ba ya ɗaukarsa ƙarya, yana ɗaukarsa abin da ba a sani ba tukuna. Idan ba ka gaya masa Mutum da Gado ba sa haɗuwa ba, ba zai ga laifin abin da yake mutum kuma gado ba. Don haka kafin ka kunna injin, rubuta cewa dukkan tushe sun saɓa wa juna. Shirun injin da ba a ba shi wannan ba, ba shaidar lafiya ba ce.

Tarko na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. Idan ka ce alaƙar "an rubuta wa magani" a kan majiyyaci take sauka, sai wani ya yi kuskure ya haɗa ta da lambar gado, OWL ba zai ƙi ba. Zai yanke cewa gadon shi ma majiyyaci ne, kuma muddin ba ka gaya masa Mutum da Gado ba sa haɗuwa ba, ya ci gaba da aikinsa. Idan abin da kake so shi ne mai gadin da zai ƙi karɓar bayani marar kyau, SHACL za ka nema, wanda W3C ta amince da shi a 2017.

Kuma ka riƙe cewa injin yana duba ko alamominka sun jitu da juna ne kawai. Idan ka kira Majiyyaci tushe, ka bi dokokin tushe sarai, zai ce maka komai lafiya. Shi ya sa fensir ya riga shi.

11. Tambayi taswirar: me kika halatta?

Taswira za ta iya bin kowace doka amma ta ƙyale abin da ba ka nufa ba. Tiago Prince Sales da Guizzardi sun bi wannan sawu. Sun riƙa mayar da taswirori zuwa Alloy, manhajar da Daniel Jackson ya ƙirƙira a MIT, wadda ke zana ƙananan misalan duk abin da dokokinka suka yarda da shi. Daga nan suka tattara sifofin zane da ke yawan jefa mutane cikin kuskure, suka wallafa a mujallar Data & Knowledge Engineering a 2015.

Ɗaya daga ciki, mai suna RelOver, ya shafe ka kai tsaye. Ka gyara taswira, Likita da Majiyyaci duk sun zama matsayin Mutum, ƙullin "Dubawa" ya haɗa su. To me zai hana mutum ɗaya ya zama likita kuma majiyyaci a dubawa guda, ya rubuta wa kansa magani?

Kada ka yi saurin cewa Likita da Majiyyaci ba sa haɗuwa. Idan ka yi haka ka koma gidan jiya, likitan da ya kwanta ciwo ya sake rasa wurin zama. Dokar da kake buƙata ƙarama ce: a cikin dubawa ɗaya, mai dubawa da wanda ake dubawa ba za su zama mutum ɗaya ba. Ko ma a sa dokar ko kada a sa, ba kai za ka yanke ba. Kai wa hukumar asibitin tambayar.

Ko babu Alloy za ka iya yin wannan da hannu. Ɗauko misalanka goma ka zaunar da kowanne a taswira. Wanda ya rasa wurin zama ya nuna taswirar ta yi ƙunci. Sannan ka ƙirƙiri biyar da bai kamata su yiwu ba: gado ɗaya da mutum biyu a dare guda, sallama kafin kwantarwa, mamacin da aka ba ranar dawowa, jaririn da yake ma'aikaci, kwalin magani marar zubi. Wanda ya sami wurin zama ya nuna taswirar ta yi sakaci. Ka nemi babbar nas ta kawo nata misalan, domin ta ga abin da kai ba za ka taɓa kawowa a ranka ba. Za ta iya ce maka a lokacin cunkoso ana haɗa yara biyu a gado ɗaya, ka ga dokar da kake shirin kafawa da ta hana ma'aikata rubuta gaskiya.

12. Gyara daga sama, sannan ka bi bayanan da ke rumbu

Jeranta gyaran haka: tushe, sai laima, sai zango da matsayi, sai ƙulli, sai ƙananan dokoki. Gyara ɗaya, sake gwada misalanka, sannan na gaba. A gefen kowane akwatin da ka canza wa alama, rubuta jimla ɗaya ta dalili da kwanan wata, don wanda zai gaje ka kada ya mayar da hannun agogo baya.

Sauran aikin yana cikin rumbu, inda tsofaffin katuna biyu-biyu suke jira. Ɗauki kwafin komai kafin ka taɓa. Kada ka haɗe katuna da suna kaɗai, ka san yawan masu suna ɗaya a garuruwanmu. Suna da ranar haihuwa da lambar waya ma ba su isa ba: tagwaye suna da ranar haihuwa ɗaya, sunan uba ɗaya, wayar gida ɗaya, kuma haɗe katin Hassan da na Husaini ya fi barin kati biyu ga mutum ɗaya haɗari, tunda za a iya ba wani magani bisa tarihin ɗan'uwansa. Lambar NIN tana taimakawa idan akwai, amma ba kowa ke zuwa da ita ba, kuma ana kuskuren rubuta ta.

Bari kwamfuta ta fitar da jerin waɗanda take zargi, mutum ya duba ya sa hannu. Duk katin da aka haɗe, ajiye tsohuwar lambarsa tana nuni zuwa sabuwar, domin akwai takardun gwaji da rasit da ke yawo da ita a hannun mutane. Fara da jerin ma'aikatan asibitin: gajere ne, sashen kati ya san fuskokinsu, kuma kafin azahar za ka iya gama shi.